Katin ISDN ya ƙi bayyana a sabuwar kwamfutata ta Linux, a taimaka

Mai Kaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakonku kan wani abu da ya hana ni sakat kwana uku ke nan.

Ina da ɗan ofis a Hamburg, aikinmu tura motoci da kaya zuwa Kwatano da Tema. Wanda bai zauna Jamus ba zai yi mamaki, amma har gobe akwai abokan hulɗarmu da ba sa aiko takarda sai ta faks. Shekara da shekaru wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur take karɓar mana su. Linux ne a kanta, da manhajar faks ta HylaFAX, da katin Fritz!Card PCI na kamfanin AVM, wanda ke haɗa ta da layin ISDN, wato layin tarho na dijital. Duk takardar da ta shigo, lambar da aka kira ce ke nuna jakar da za ta faɗa, ta Kwatano daban, ta Tema daban. Ranar Juma'a da safe na zo na danna, ko fanka ba ta motsa ba. Mai gyara ya ce babban allon ne ya ƙone.

Na sayi wata, na sa mata Debian, wani nau'in Linux, mai kanel (wato zuciyar tsarin) 6.1, na kwaso fayilolin saiti daga tsohon faifai tunda shi lafiyarsa lau. Sabuwar ba ta da ramin PCI irin na da, sai PCIe, don haka na sayo ɗan allon nan da ake sokawa a PCIe ya ba ka ramin PCI, na dasa katin a kai. Na bi wani bayani da na adana tun da daɗewa, na rubuta `modprobe hisax type=27 protocol=2`, ta ce min babu wani modul mai suna hisax, wato direba, manhajar da ke tuƙa katin ISDN. Na duba `lspci`, umarnin da ke jera katunan da ke jikin kwamfuta, ko alamar katin babu. Shin katin ne ya tafi tare da allon, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Ɗan Zongo:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Ni dai shawarata ita ce ka sauke sabon Linux ɗin, ka ɗora tsoho mai kanel 4.19 ko ƙasa da haka. Direban da kake nema yana cikin tsofaffin, sababbin ne suka yar da shi. Abin da ya yi maka aiki jiya shi zai yi maka yau.

Baffan Kolon:
Wa'alaikumus salam. Ɗan Zongo, dakata tukuna, kada a sa shi ya rushe gida saboda ƙofa ta cije.

Ɗana, matsala biyu ka kawo, kuma ba su da alaƙa da juna. Ka bar maganar hisax a gefe. `lspci` ba ruwansa da direba ko kaɗan. Yana tambayar allon kwamfuta ne, wa da wa ke zaune a ramuka, kowane kati ya faɗi lambarsa. Ko da babu direban ISDN ko ɗaya a duniya, in katin yana da rai kuma wuta na kai masa, dole ya fito a jerin. Tunda bai fito ba, ko Linux na shekara ashirin da suka wuce ka ɗora ba zai gan shi ba.

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka ciro katin. Dubi gefensa na ƙasa inda haƙoran nan masu ruwan zinariya suke. Tsagi nawa ka gani a tsakaninsu, kuma a ina? Sannan ka dubi ɗan allon da ka sayo da kyau, gaba da baya. Akwai wata ƙofar wuta a jikinsa da ba a soka mata komai ba?

Mai Kaya:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Na ciro shi, na hure ƙurar da ta taru a kai. Tsagi ɗaya ne, can nesa da ƙarfen da ake ɗaurewa da kusa a bayan kwamfuta. Ɗan allon kuma, gaskiya ne, akwai wata farar ƙofa mai fil huɗu a gefensa, irin wadda ake soka wa tsofaffin faifai. Ban sa mata komai ba, na ɗauka ramin PCIe ɗin ya wadatar.

Baffan Kolon:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Tsagi ɗaya nesa da ƙarfe alama ce ta kati mai cin bolt 5. Wanda tsaginsa ke kusa da ƙarfe na bolt 3.3 ne, mai tsagi biyu kuma yana cin kowanne. Shi ramin PCIe bolt 3.3 da bolt 12 yake bayarwa, babu 5 a cikinsa. Wannan farar ƙofar ita ce hanyar da bolt 5 zai shigo daga tukunyar wutar kwamfuta. Katinka zaune yake cikin duhu. Nemo wayar da ta dace daga cikin waɗanda ke lilo a cikin akwatin, ka soka, ka danna katin ya zauna sosai har haƙoran su ɓace, ka kunna. Sai ka rubuta `lspci -nn` ka faɗa mana lambar da ta fito.

Mai Kaya:
Allahu akbar! Ya fito. Layi biyu suka ƙaru, ɗaya na gadar PCI, ɗaya na AVM, lambarsa 1244:0e00. Alhamdu lillahi katin bai ƙone ba. Amma hisax har yanzu ta ce babu shi.

'Yar Maraɗi:
Barka Alhaji. Hisax ba zai dawo ba, kada ka ɓata lokacinka. An cire shi daga kanel tun sigar 5.3 da ta fito a Satumbar 2019, tare da duk tsohon tsarin isdn4linux da yake zaune a kai. Ba ɓata ya yi ba, cire shi aka yi da gangan, saboda an daɗe babu mai kula da shi kuma layukan da ake gwada shi a kansu suna ta rufewa.

Wani abu kuma, ko da yana nan, umarnin da ka rubuta ba na katinka ba ne. Lambar 1244 ta kamfanin ce. Abin da ke bayan ta shi ke bambanta katunan: 0a00 shi ne Fritz PCI na farko, wanda `type=27` ke nufi. Naka 0e00 ne, siga ta biyu, kuma a zamanin hisax ɗin ma wani modul ne daban mai suna hisax_fcpcipnp ke tuƙa shi. Shi ya sa ba a dogara da sunan da ke jikin kwali, lambar ake bi.

Abin da ya gaje shi shi ne mISDN, wanda ya shiga kanel a sigar 2.6.27 a 2008. Karsten Keil, mutumin da ya rubuta hisax, shi ne dai ya assasa wannan ma. Direban katinka a ciki sunansa avmfritz. Rubuta waɗannan biyu ka turo:

`grep MISDN /boot/config-$(uname -r)`

`lspci -k`

Na farko zai nuna ko an gina direban a kanel ɗinka. Na biyu zai nuna ko ya kama katin.

Ɗan Zongo:
Na karɓi gyara a kan maganar wuta, Baffa ya fi ni gaskiya. Amma har yanzu ina kan bakana game da tsohon Linux. Mutumin nan kasuwanci yake yi, ba makaranta ya shiga ba. Tsohon faifansa na nan da komai a shirye. Ya samo tsohuwar kwamfuta mai ramin PCI a kasuwar gwanjo, ya dasa faifan da katin, kafin la'asar faks ya dawo. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Me ya sa za mu tura shi hanyar da zai kwana uku yana gina manhaja?

Injiniyan Zariya:
Ɗan Zongo, maganarka tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar sauri, amma ka tuna abin da ke cikin na'urar. Takardun motocin mutane ne, da sunayensu, da adireshinsu, da hotunan fasfo wataƙila. Kuma tana haɗe da intanet ɗin ofis. Tsarin da aka daina yi wa gyaran tsaro shekaru da dama, ka ɗora masa amanar mutane? Ni ba zan ba da wannan shawarar ba sai dai a matsayin na wucin gadi, kuma a yanke ta daga intanet gaba ɗaya.

Ni a nan gida ban taɓa riƙe irin wannan ƙaramin katin ba. Abin da na yi aiki da shi babban yayansa ne, layin E1 mai hanyoyin magana 30, da muke haɗawa da manhajar tarho ta Asterisk ta direbobin DAHDI a wani ofishin amsa kiran kwastomomi. Amma tsarin binciken iri ɗaya ne, kuma yadda Baffa ya faro shi ne daidai: allo ya ga kati, direba ya kama kati, sannan layi ya tashi. Alhaji ya haye matakin farko. A bar shi ya taka na biyu mu gani, bai fi minti biyar ba.

Mai Kaya:
Na gode muku duka. Ga abin da na samu. Na farkon ya fito da layuka da yawa, a ciki akwai `CONFIG_MISDN_AVMFRITZ=m`. Na biyun kuma, a ƙarƙashin katin an rubuta avmfritz a layin modul, amma layin da ke nuna direban da ke aiki babu shi sam. A sauran na'urorin ina ganin layuka biyun, a nan ɗaya ne kawai.

'Yar Maraɗi:
Madalla. Ma'anar wannan, kanel ya san direban da ya dace da katin, amma bai loda shi ba. A ƙa'ida da kansa yake lodawa da zarar ya ga lambar 1244:0e00 lokacin tashi. In bai yi ba, akwai wanda ya hana shi. Alhaji, ka ce ka kwaso fayilolin saiti daga tsohon faifai. Har da jakar `/etc/modprobe.d`? Gwada wannan:

`grep -r avmfritz /etc/modprobe.d`

Mai Kaya:
Har da ita, 'yar'uwa, duk na kwaso. Ya nuna min wani fayil mai layi ɗaya: `blacklist avmfritz`. Wallahi yanzu na tuna. Wani yaro ɗalibi da ya haɗa min tsohuwar kwamfutar shi ya rubuta, ya ce kada in taɓa shi, in na taɓa faks zai tsaya.

Baffan Kolon:
Yaron ya yi daidai a lokacinsa. Bari in ba ka labarin, don ka san abin da kake gogewa.

Tsohuwar na'urarka da fcpci take aiki. Direba ne da AVM ta fitar da kanta, wani sashensa a rufe yake, ba a ga yadda aka rubuta shi ba. Mutane sun so shi ƙwarai saboda yana zuwa da CAPI 2.0, wato hanyar da manhajoji ke bi su yi magana da katin ISDN, da kuma faks a cikinsa, ka loda kawai HylaFAX ta samu abin da take so. Daga baya kamfanin ya daina sabunta shi, masu sha'awa suka riƙa yi masa faci duk lokacin da kanel ya canza. To direba biyu ba sa hawa kati ɗaya. Duk wanda ya riga kamawa shi ke da shi. Shi ya sa masu fcpci suke rubuta wannan layin, don avmfritz ya kauce. Yanzu fcpci ɗin babu shi a sabuwar na'urarka, shi kuma wanda zai maye gurbinsa ka ɗaure masa ƙafa da igiyar da ka kwaso daga tsohon gida.

Goge layin, ko ka sa masa alamar # a gaba. Sai `modprobe avmfritz`, sai ka duba ƙarshen `dmesg`, inda kanel ke rubuta rahotonsa.

Injiniyan Zariya:
In ƙara a kan na Baffa. Da ka loda, ka leƙa `/proc/interrupts`. Kati yana ƙwanƙwasa wa kwamfuta ƙofa ne duk lokacin da yake da saƙo, wannan shi ake kira IRQ. Wasu daga cikin gadojin nan masu araha na PCIe zuwa PCI ba sa isar da ƙwanƙwasar yadda ya kamata. Sai ka ga direba ya hau lafiya, amma kati ya yi shiru, ko kanel ya rufe IRQ ɗin bayan ɗan lokaci. Shi avmfritz yana gwada wannan da kansa lokacin lodawa, in bai ji komai ba zai yi ƙorafi a `dmesg`. In ka ga irin wannan ƙorafin, kada ka wahalar da kanka da saiti, gadar za ka canza.

Mai Kaya:
Na goge, na loda. `dmesg` ya ce mISDN ya samu Fritz!Card PCI v2, babu wani ƙorafi a bayansa. `lsmod` ya nuna avmfritz da mISDNipac da mISDN_core. A `/proc/interrupts` akwai layi mai suna AVM.1 kuma lambar da ke gabansa ba sifili ba ce. Na sake kunna kwamfutar don in tabbatar, ya hau da kansa. Jama'a Allah ya saka da alheri. Yanzu sai in kunna HylaFAX?

'Yar Maraɗi:
Tukuna Alhaji, da sauran rina a kaba. HylaFAX ba ta magana da kati kai tsaye. A tsarinka tana bi ta capi4hylafax ne, wato c2faxrecv mai karɓa da c2faxsend mai aikawa, su kuma CAPI suke nema. A da fcpci ne ke ba su. Shi avmfritz bai san CAPI ba, nasa kawai ya ɗebo bayanai daga waya ya miƙa.

Dalilin shi ne katinka irin wanda ba shi da ƙwaƙwalwar kansa ne. Akwai masu ita, kamar AVM B1, da ke ɗauke da na'urar sarrafawa a jikinsu suna yin aikin faks da kansu, amma direbobinsu ma an fitar da su daga kanel a sigar 5.6 a 2020. Naka kuwa kwamfuta ce za ta yi masa duk lissafin, har da mayar da ƙarar faks ta zama hoto.

Abin da za ka nema shi ne tarin manhajar mISDNuser. A ciki akwai misdn_info da misdn_log na bincike, da kuma mISDNcapid, wanda shi ne zai tsaya a tsakiya ya ba HylaFAX CAPI ɗin da take nema. Wajen gina shi ka tabbata ka kunna sashen CAPI, kuma libcapi20 da spandsp suna nan kafin ka fara, domin spandsp ne ke yin aikin faks ɗin. In ka gama, `misdn_info` ya nuna maka ƙofa ɗaya mai hanyoyin B guda 2, wato hanyoyin da ke ɗaukar kira, `capiinfo` kuma ya nuna na'ura ɗaya.

Ɗan Zongo:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Daga waya ɗaya mun zo gina manhaja uku. Ni tambayata ma ta wuce nan. Alhaji, ina layin naka yake fitowa? Na ji an ce kamfanin Telekom ya gama mayar da mutanensa kan intanet, ISDN na gaske babu shi a Jamus yanzu. In haka ne, wa katin zai yi magana da shi?

Mai Kaya:
Haka ne, an daɗe da mayar da mu. Ƙaramin akwatin NTBA da ke bango, inda layin ISDN ke shigowa, an cire shi. Yanzu akwatin intanet FRITZ!Box 7490 ne a ofis, yana da wata ƙofa a baya da aka rubuta FON S0, nan nake soka wayar katin. Kira yana zuwa ta intanet, akwatin ya mayar da shi ISDN ya ba katin. Haka tsohuwar ta yi ta aiki har ta mutu.

Ɗan Zongo:
To ai shi wannan akwatin yana da faks a cikinsa! Yana karɓa ya tura maka ta imel. Ka kunna shi kawai ka huta, ka ajiye katin a durowa. Ni ban ga dalilin da za a bi ta Zinder a je Kumasi daga Tamale ba.

Mai Kaya:
Ɗan'uwa na san da shi, kuma tun ranar Juma'ar shi na kunna don kada takarda ta wuce mu. Amma duk a wuri ɗaya yake zubo min su. Mu huɗu ne a ofis, kowa da lambarsa da jakarsa, kuma muna aikawa daga kowace kwamfuta kamar yadda ake tura takarda firinta, da shaidar cewa ta isa, da tarihin shekaru a wuri ɗaya. Ranar da aka yi gardama da wani kan ko mun aika takardar mota ko ba mu aika ba, wannan tarihin ne ya fitar da mu. Ba son tsohon ƙarfe ke damuna ba.

Baffan Kolon:
Ɗan Zongo, tambayarka mai kyau ce, kuma ina so Mai Kaya ya riƙe ta ko bayan komai ya yi aiki. Ni na ga farkon abin nan. An buɗe ISDN a Jamus a 1989, da yarensa na gida da ake kira 1TR6, kafin a koma na Turai baki ɗaya, DSS1. Wannan `protocol=2` da ka rubuta a farko, DSS1 ɗin yake nufi. A shekarun 1990 na ja wayar S0 a ofisoshi ba adadi. Mutum ya samu hanya biyu masu kilobit 64 kowace, da ta uku mai 16 ta sigina, yana waya yana intanet a lokaci ɗaya, ya haɗe biyun ya samu 128. A wancan zamanin wannan abin alfahari ne, kuma har yau ban ga layin da ya kai shi tsabtar murya da rashin gardama ba. Gidajen rediyo ma da shi suka riƙa haɗa situdiyo da situdiyo. Ina ƙaunarsa, ba na ɓoyewa.

Amma ƙauna ba ta hana a faɗi gaskiya. Hisax ya tafi, direbobin katuna masu ƙwaƙwalwa sun tafi, Asterisk ta cire chan_misdn, sashenta na mISDN, a sigarta ta 19, kuma sababbin akwatunan intanet da yawa ba sa zuwa da ƙofar S0. Gyaran da muke yi yau zai ba ka lokaci ne ka shirya ƙaura a tsanake. HylaFAX tana iya aiki ba tare da kati ba, ta hanyar Asterisk da iaxmodem, ko t38modem, manhajojin da ke kwaikwayon modem ɗin faks, jakunkunanka da tarihinka duk su zauna yadda suke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gama wannan, sannan ka fara karanta wancan.

'Yar Maraɗi:
Wani ya tambaye ni a gefe ko FreeBSD, wani tsarin kwamfuta mai kama da Linux, zai fi sauƙi, tunda an san ni da shi. Bari in amsa a nan don kowa ya amfana. A'a. Da akwai isdn4bsd na Hellmuth Michaelis, har da direba na musamman na wannan katin mai suna ifpi2, kuma ya yi aiki mai kyau a zamaninsa. Amma FreeBSD 8.0 na 2009 ya fito babu shi, NetBSD ma ta cire nata a 9.0. A kan wannan katin Linux ne ya fi daɗewa yana riƙe da shi. Mu masu karatu da Faransanci RNIS muka san abin, in wani zai nemi bayani da wannan harshen.

Mai Kaya:
Salam jama'a, na dawo. Jiya har ƙarfe ɗaya na dare ina kai. Ginin ya tsaya sau biyu saboda wasu fayilolin spandsp da libcapi20 da ban saka ba, na saka ya wuce. `misdn_info` ya nuna ƙofa ɗaya, AVM.1, hanyoyin B biyu. `capiinfo` ma ya ga na'ura. Na kunna c2faxrecv. Na kashe faks ɗin cikin akwati don kada su yi rububin kira. Na kira lambar daga wayata, tana ta ringin, babu mai ɗauka. Na bar misdn_log a buɗe ina kallo, ko harafi ɗaya bai fito ba. Gwiwata ta yi sanyi gaskiya.

Injiniyan Zariya:
Kada ka karaya Alhaji, saura ƙiris. In ba a kira ba kuma ka ga layi a kwance, wannan ba lallai matsala ba ce, irin wannan layin yakan kwanta in babu aiki. Amma a ce kira na shigowa kuma misdn_log bai ga komai ba, to saƙon bai iso katin ba ma. Abu biyu nake zargi. Ko dai a cikin saitin akwatin ba a tura wannan lambar zuwa ƙofar S0 ba, ko kuma waya.

Baffan Kolon:
Wace waya ka sa? Tsohuwar ce ko wata?

Mai Kaya:
Wata ce Baffa. Tsohuwar ba ta kai inda na ajiye sabuwar kwamfutar ba, sai na ɗauko wata siririya ruwan toka daga kwalin wayoyi. Kanta iri ɗaya ne, ta shiga daram har da ƙara. Na gwada ta a intanet kuma tana aiki.

Baffan Kolon:
Zare ta. Ɗaga kan nan na roba mai haske saitin fitila, ka ƙirga siraran wayoyin da ke ciki.

Mai Kaya:
Huɗu ne. Biyu a jere a gefe ɗaya, da ta uku kusa da su, sai gurbi biyu babu komai, sai ta huɗu.

Baffan Kolon:
Shi ke nan. Wannan wayar intanet ce ta megabit 100, an yi tsimin tagulla an sa mata 1 da 2 da 3 da 6 kawai, domin su kaɗai intanet ɗin ke bukata. ISDN kuwa 3 da 4 da 5 da 6 yake amfani da su. Katinka yana magana ta 3 da 6, yana saurare ta 4 da 5. Gurbi biyun nan da ka gani babu komai, su ne kunnuwansa. Nemo waya mai takwas cif, miƙaƙƙiya, ba irin mai juyayyen kai da ake haɗa kwamfuta biyu da ita ba.

Tunda kan iri ɗaya ne, ka kula kada wata rana wani ya soka wayar S0 a ƙofar intanet ta kwamfuta. Layin S0 yakan ɗauko wuta ta kunna tarho, a NTBA har bolt 40 ne. Ka naɗa mata jan salatif ka rubuta a jiki. In kuma wayar za ta yi tsawo sosai, ana sa razista biyu masu om 100 a ƙarshenta, ɗaya tsakanin 3 da 6, ɗaya tsakanin 4 da 5. A 'yar gajeriya tsakanin tebur da tebur yawanci ba ya zama dole.

Mai Kaya:
Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Na canza waya, na kira, misdn_log ya cika da rubutu, a ringin na biyu na ji kukan faks a kunnena. Na roƙi maƙwabcinmu mai shagon fassara ya turo min shafi uku. Biyu sun shigo tsaf, na ukun ya yanke a tsakiya, rabin shafin baƙaƙen layuka ne. Ya sake turowa, wannan karon duka suka shigo, kuma suka faɗa jakar Tema yadda ya kamata.

Injiniyan Zariya:
Barka da arziki. Yankewar nan ba daga katin ba ne yanzu. Tsakanin katin da akwati ISDN ne mai tsabta, amma daga akwati zuwa waje intanet ne, kuma faks ba ya haƙuri da ɓatan ko ɗan guntun sauti yadda kunnen mutum ke yi. Shiga saitin tarho na akwatin ka duba T.38, wato tsarin aika faks ta intanet, in a kashe yake ka kunna ka gwada, in kamfanin layinka bai yarda da shi ba ka mayar. Wajen aikawa kuma, in saitinka ya ba da dama, ka sauko da gudu daga 14,400 zuwa 9,600. Shafi zai ɗan ƙara daɗewa amma zai fi isa lafiya.

Ɗan Zongo:
Barka Alhaji, na taya ka murna da zuciya ɗaya. Ban canza ra'ayi ba cewa hanyar ta yi tsawo, amma tunda tarihin takardunku ne a ciki, na fahimce ka. Abu ɗaya nake roƙo: ka rubuta duk matakan nan a takarda, ka manna a cikin murfin kwamfutar. Wanda zai buɗe ta bayanka ba lallai ya samu Baffa a kusa ba.

'Yar Maraɗi:
Ka ƙara da wannan a takardar: duk ranar da za ka ɗaga Debian zuwa sabuwar siga, kafin ka taɓa komai ka duba ko sabon kanel ɗin yana da MISDN_AVMFRITZ, da umarnin nan na grep da na ba ka. In kuma ka ci karo da katin gwanjo mai guntun HFC-S na Cologne Chip, lambarsa 1397:2bd0, ka saya ka ajiye. Direbansa hfcpci ne a cikin mISDN ɗin dai, saitinka na sama ba zai canza sosai ba, kuma shi yana iya zama ɓangaren layi ya ba wani katin sigina, abin da Fritz ba ya yi. Da shi za ka iya gwaji a gida ba tare da ka taɓa layin ofis ba.

Mai Kaya:
Na rubuta duka, na manna, jan salatif ma na naɗa. T.38 a kashe yake, na kunna. Tun safe takarda bakwai suka shigo, babu wadda ta yanke, na aika biyu Bremerhaven kuma shaidar isa ta dawo. Baffa, Injiniya, 'yar'uwa, Ɗan Zongo, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifa. Baffa, in Allah ya kai mu bayan an loda jirgin wannan makon zan dawo da tambayoyi kan iaxmodem ɗin da kuka ambata, domin ban san ta inda ake kama shi ba.

Baffan Kolon:
Amin ɗana, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kafin ka dawo ka shiga akwatin ka rubuto lambobinku huɗu da yadda aka raba su, da sunan kamfanin layin. Da su za mu fara.